Filin Makanikai: idan famfon ruwan mota ya fara gazawa

Assalamu alaikum. Tun da zafin watan Afrilu ya kankama, galibin tambayoyin da ke iso mana daga Yamai da Tawa a kan abu guda suke: inji na zafi, ruwa na raguwa, makanike ya ce famfo ne. Mun tsamo waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa.

Tambaya: Ni direban taksi ne a Yamai, Corolla ta 2004 mai shan fetur nake ja. Kowace safiya sai na ƙara kusan rabin lita na ruwa. Akwai wani gurnani daga wajen bel, kuma in na maƙale a cunkoson gadar Kennedy sai allurar zafi ta haura. Wani makanike ya ce famfo ne, wani ya ce radiyater. Wa zan bi? In kuma famfon ne, yaya ake canza shi?

Amsa: Malam direba, sannu da aiki. Kafin ka bi ɗayansu, a nuna maka inda ruwan ke fita. Ruwan da ke raguwa kullum yana da ƙofa, kuma ƙofar tana barin shaida.

Famfon ruwa ba abu ne mai wuyar ganewa ba. Sanda ce ta ƙarfe da ke juyawa cikin boris, wanda makanikanmu ke kira rulma. A bakinta na waje akwai fulin da bel ke ja, a na ciki akwai farfela mai tura ruwa ya zagaya inji, ya je radiyater, ya dawo. Tsakanin ruwan da boris akwai sil, wasu zobba biyu masu santsi da sifirin ke matsewa fuska da fuska. Masu ƙera famfon sun bar ƴar huda a jikinsa da gangan, tsakanin sil da boris, domin in sil ya fara sakin ruwa ya fita ta nan, kada ya shiga boris ya wanke man da ke ciki. Wannan hudar za ka fara dubawa. Da safe, kafin ka tada mota, ka haska fitila ƙarƙashin fulin. Ɗan busasshen tabo ba komai ba ne, sabon famfo ma yakan yi shi. Amma in ka ga danshi, ko ɗigo, ko busasshen gari fari ko ja-ja da ya yi layi yana gangarawa jikin inji, sil ya gama aiki.

Gurnanin kuwa, kada a yanke masa hukunci da kunne kawai, domin bel guda ne ke jan famfo da altanato da injin sanyin mota da gargaren da ke ɗame bel, kuma kowannensu na da boris. A cire bel, inji a kashe, a juya kowane fuli da hannu. Famfo mai lafiya yana juyawa sumul, da ɗan nauyi kaɗan. In ka ji kamar akwai yashi a ciki, ko ka riƙe fulin ka girgiza shi sama da ƙasa ya yi rawa, boris ɗinsa ya mutu. In har yanzu ana shakka, a sa famfon gwaji a bakin radiyater, a hura iska daidai lambar da ke kan murfin, galibi 0.9 ko 1.1 bar a Toyota, a jira minti 10. Ruwan zai fito da kansa ya nuna ƙofarsa, ko a famfo, ko a bakin tiyo, ko a inda robar saman radiyater ta haɗu da alminiyom.

Wani abu a tambayarka ya ja hankalinmu: ka ce a cunkoso allurar ke haurawa. Motar da ke zafi a tsaye, ta huce in ta samu hanya, sau da yawa fankarta ce ba ta tashi, ko ruwan ne ya yi ƙasa. Wadda ke zafi a kan gudu ko a hawa ita ce ake zargin toshewar radiyater ko cinyewar farfela. Don haka ko an tabbatar famfon na zuba, a duba fankar lantarki a ranar. Ya kamata ta tashi da kanta idan ruwa ya haura digiri 90 da ƴan kai, haka kuma in an kunna sanyin mota.

To ga yadda ake canjin a injinka. Corollar wancan zamani mai injin da lambarsa ke ƙarewa da ZZ-FE sarƙa gare ta a ciki, famfon kuma a waje yake, bel ɗin altanato ke jan sa. Aiki ne na awa biyu ko ƙasa da haka a hannun wanda ya saba. A bari inji ya huce sarai, har ka iya riƙe tiyon sama ba ka ji ƙuna ba. A cire wayar batir mai alamar ragewa. A ɗaga gaban dama, a tallafe motar da ƙarfe ko kututture mai ƙwari, kada kowa ya shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai. A cire taya da robar da ke kare gefen inji. A ajiye roba mai ɗaukar lita 8, a buɗe murfin radiyater, a kwance ɗan makunnin da ke ƙasansa, ruwa ya zuba.

Kafin a taɓa bel, a ɗauki hotonsa da waya ko a zana yadda ya bi fulolin. Mutane da yawa kan raina wannan, sai a ɓata rabin yini ana gardama. A sa sifana mai lamba 19 a kan abin ɗame bel, a danna shi sannu a hankali domin yana da ɗan sokobiza a jikinsa da ba ya son fizga, a zare bel. Wasu kan cire altanato don hannu ya samu fili, kuma hakan ya fi sauƙi. Notoci 6 ne ke riƙe da famfon, kuma tsawonsu ba ɗaya ba ne. A samo kwali, a zana siffar famfon, a caka kowane noti a gurbinsa. Dogon noti a gurbin gajere zai tokare kafin ya matse famfon, ko ya fasa alminiyom ɗin. Gajere a gurbin dogo zai kama haƙora kaɗan ya tsige su. In famfon ya manne, a bubbuga shi da gudumar roba ko guntun katako. Kada a cusa sukudireba tsakanin fuskokin biyu, domin ƙarzar da zai bari ita ce za ta zama sabuwar ƙofar ruwa.

A goge mazaunin da tsumma da wani abu mai laushi har ya yi tas. A ajiye tsohon famfo da sabon gefe da gefe: faɗin fuli, zurfin farfela, wuraren notoci, duk su zo daidai. Wannan famfon da zoben roba yake zama. A sa sabon zobe, a ɗan jiƙa shi da ruwan inji, ba da man inji ba, ba kuma da gam ɗin silikon ba. A ɗaura notocin da hannu tukuna, sannan a bi su a gicciye, kaɗan-kaɗan. Ƙarfin da suke buƙata ɗan kaɗan ne, tsakanin 9 da 11 N·m a sifana mai awon ƙarfin matsi. In babu sifana mai awo, a yi amfani da gajeren hannu, a tsaya da zarar noti ya zauna ya ɗan ƙara. Yaran gareji na da ƙarfi, kuma alminiyom ba ya yafiya.

A duba bel kafin a mayar da shi. In ya tsattsage ko ya sha ruwan inji, a sa sabo. A rufe makunnin ƙasa, a zuba ruwa a hankali. Injin na ɗaukar tsakanin lita 6 da 7 in an zubar da duka. A juya na'urar ɗumama cikin mota zuwa zafi, a tada inji a bar shi a silo, murfi a buɗe, ana matsa tiyon sama da na ƙasa don iska ta fita, ana cikowa. Idan tiyon ƙasa ya yi zafi, fanka ta tashi ta tsaya sau biyu, kumfa ya daina fitowa, sai a rufe. A cika ƴar robar ajiya zuwa layin sama. Washegari da safe a sake dubawa, domin yakan ɗan sauka. Kuma duk wanda zai sunkuya kan inji yana aiki, ya naɗe hannun riga, ya cire rawani ko ƙyallen wuya. Bel ba ya jira.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a Tawa, ina da Peugeot 206. Famfon ruwa ya fara ɗigo. Makanike ya ce sai an canza har da bel ɗin ciki da wasu gargare biyu, kuɗin ya ninka. Anya ba cutata zai yi ba?

Amsa: Hajiya, a wannan karon makanikenki ya faɗa miki gaskiya. Motarki ba irin ta mai taksin da ke sama ba ce. A 206, da 306, da 307, da 406, haka ma wasu Golf masu dizal da wasu Camry da RAV4 na da, bel mai haƙora ne ke jan famfon ruwa. Shi ne kuma ke daidaita lokacin da bawul ke buɗewa da lokacin da fistin ke hawa. Ba yadda za a yi a fitar da famfon sai an cire wannan bel, wato aikin hannu ɗaya ne ko an canza shi ko ba a canza ba.

Dalilin da ya fi wannan nauyi shi ne, a injin Peugeot ɗinki bawul da fistin wuri guda suke ratsawa, lokaci ne kawai ke raba su. In bel ya tsinke ko ya tsallake haƙora, fistin zai doki bawul ya lanƙwasa su, sai an buɗe kan inji. Famfon da ke ɗigo yana jiƙa bel ɗin, ruwan inji kuma yana ruɓar da robarsa. Famfon da boris ɗinsa ya saki yana karkata, ya tura bel gefe yana cin bakinsa, in ya ƙage kuma ya kankare haƙoran gaba ɗaya. Saboda haka kada ki ci gaba da hawa kina cikon ruwa, ko da a cikin gari ne.

Abin da za ki nema a kanti shi ne cikakken kit ɗin distiribisiyon mai haɗe da famfo: bel, gargaren ɗamewa, gargaren jagora in injin na da shi, famfo da zobensa. Gates, SKF, INA da Valeo duk suna yin sa. Ki je da katin motar don a duba lambar injin, domin 206 mai lita 1.1, da 1.4, da 1.6, da mai dizal, bel ɗinsu ba ɗaya ba ne, yawan haƙoran ya bambanta.

Ga abin da za ki lura da shi a wurin aiki. Kafin ya cire tsohon bel, ya kulle injin da ƙusoshin saiti a ramukan da kamfani ya tanada, ɗaya a babban faifan bayan inji, ɗaya a kowane fulin sama. Ɗiga fenti kawai bai wadatar ba. Bayan ya sa sabon ya ɗame shi, ya cire ƙusoshin, ya juya injin da sifana aƙalla zagaye biyu cikakku, ya ga ƙusoshin sun sake shiga ramukansu ba tare da tilas ba, sannan a taɓa makulli. Injin Peugeot yana da ƴan makunnan fitar da iska a jikin tiyo da gidan tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar radiyater idan inji ya yi zafi. A buɗe su yayin zuba ruwa har sai ruwa ya fito babu kumfa. A ƙarshe ki karɓi tsofaffin kayan da kwalayen sababbin, a rubuta kilomita da kwanan wata a manna a ƙarƙashin kapo. Tazarar canjin wannan bel ta kama daga kilomita 60,000 zuwa sama da 100,000 gwargwadon inji, amma da zafinmu da ƙurarmu gara a bi ƙaramar lambar da littafin motar ya bayar. Motar da ta shigo ta Kwatano ko Lome babu takardar da ta nuna yaushe aka canza shi, a ɗauka ba a canza ba.

Tambaya: Hiace nake ja mai dizal tsakanin Tawa da Ƙonni. Cikin shekara ɗaya famfo uku na sa. Kowanne sai ya yi ƴan watanni ya fara kuka ko zuba. Shin kayan yanzu ne ba su da kyau?

Amsa: Alhaji, jabun kaya na nan, amma famfo uku a shekara yana nuna akwai abin da ke kashe su a motar, kuma in ba a gano shi ba na huɗun ma zai bi su.

Fara da bel. A irin injinka fankar inji a kan hancin famfon take, bel kuma da hannu ake ɗame shi. Al'adar garejinmu ita ce a sa doguwar sanda a banƙare altanato har bel ya zama ba ya motsi, wai kada ya yi kuka. Duk wannan jan a kan boris ɗin famfo yake sauka. Ka danna tsakiyar bel da babban yatsa da ƙarfin kimanin kilo 10. Ya kamata ya shiga kamar santimita 1. In bel na kuka a wannan ɗaurin, ya tsufa ne ko fulin ya cinye, ba ƙarin ja yake so ba. In biyu ne a jere, a canza su tare, domin sabo da tsoho ba sa raba nauyi daidai.

Sai fanka. Fiffike ɗaya ya karye ko ya lanƙwashe, fankar ta rasa daidaito, tana girgiza sandar famfo a kowane juyi. Kulocin fankar ma a duba shi: in yana tsiyayar mai ko yana rawa, ya mutu. Wasu kan kulle shi da noti ko walda don fanka ta riƙa juyawa da cikakken gudu koyaushe. Hakan na ƙara wa famfon nauyi, yana cin mai, kuma fiffiken roba na iya tsinkewa ya fasa radiyater. Wajen cirewa, a sassauta notoci huɗu na fankar tun bel na ɗaure, in ba haka ba fulin zai riƙa juyawa da sifana.

Idan zuba suke yi ba kuka ba, ruwan ake tuhuma. Ka buɗe murfi da safe ka duba. In ruwan ya yi kalar ƙasa, tsatsa ce ke yawo a ciki, tana shiga tsakanin zobban sil tana ƙarzar su. Sabon famfo a cikin tsohon ruwa mai tsatsa ba ya daɗewa. Kafin a sa shi, a cire tamostat da tiyoyi, a wanke inji da radiyater da na'urar ɗumama da ruwa mai gudu, ta gaba da ta baya, har ya fito garau.

Abubuwa biyu kuma na hannun makanike ne. Na farko lafta gam ɗin silikon a kan gasket: abin da ya matso ciki yakan ɓalle, ya toshe ƴan hanyoyin radiyater ko ya maƙale a sil. Gasket ɗin takarda a kan fuska mai tsabta ya isa, in ma za a shafa, ya zama siriri ƙwarai. Na biyu tada inji "don a ji sautinsa" kafin a zuba ruwa. Ruwa ne ke sanyaya zobban sil, ƴan daƙiƙu a bushe sun isa su ƙona su. Kada ka manta da murfin radiyater. In robarsa ta mutu ba ya riƙe matsi, ruwa na yin ƙananan kumfa a bayan farfela, kumfan na fashewa yana ɓantarar ƙarfen har ya yi ramuka.

Game da kaya, Aisin ne ke ƙera wa Toyota famfunanta da yawa, akwai kuma GMB da NPW. Kwali ba hujja ba ne, domin shi ne ya fi sauƙin kwaikwaya. Ka duba tambarin da ke jikin ƙarfen, da santsin fuskar da za ta zauna a inji, da nauyinsa a hannu.

Tambaya: Ƙanƙara ba ta sauka a Nijar. Me zai sa in sayi ruwan kala mai tsada alhali ga ruwan famfo? Kuma makanikena ya cire tamostat, ya ce na ƙasashen sanyi ne.

Amsa: Ɗan'uwa, wannan tunani shi ne ya fi kashe famfunan ruwa a ƙasar nan, don haka za mu ɗan tsaya a kansa.

Hana daskarewa aiki ɗaya ne daga cikin ayyukan ruwan kala, kuma shi kaɗai ne ba mu buƙata. A cikinsa akwai magungunan da ke hana ƙarfe da alminiyom tsatsa. Ruwa zalla yana cin farfelar ƙarfe har fikafikanta su ƙare, ta riƙa juyawa ba ta tura komai. Daga waje famfon lafiya lau, ba ɗigo ba kuka, inji kuma na tafasa. Ruwan rijiya da na burtsatse kuma yana ɗauke da gishirin ƙasa, musamman a Adar inda dutsen farar ƙasa ke da yawa, shi ya sa ma masana'antar siminti take a Malbaza. Ka leƙa cikin butar shayin da ta daɗe tana aiki ka ga farin ɓawon da ya kama ta. Shi ne ke kama cikin inji da siraran bututun radiyater, ya hana zafi fita.

Akwai kuma batun tafasa. Ruwa zalla na tafasa a digiri 100. Rabi ruwa rabi gilikol, wato sinadarin da ake yin ruwan kala da shi, na kai wajen 107. Murfi mai riƙe matsin bar 1 yana ƙara kusan digiri 20 a kai. A ranar da iskar gari ta haura digiri 43, motar na cunkoso, sanyi a kunne, wannan tazarar ce ke ceton inji.

Wajen saye ka karanta jarkar. In an rubuta "prêt à l'emploi", an riga an gauraya, kada ka ƙara masa ruwa. In "concentré" ne, kai za ka gauraya da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, amma ka tabbata ba mai asid ba ne. Lambar sanyin da ke jiki tana gaya maka ƙarfinsa: -18 kusan kashi 33 cikin 100 ne, -25 kusan 40, -37 kusan 50. A nan tsakanin 33 da 50 ya yi. Ƙasa da haka maganin tsatsa ya yi rauni, sama da 60 kuma ba ya kwashe zafi da kyau, domin ruwa ya fi gilikol ɗaukar zafi. A injin lita 6, lita 2 zuwa 3 ke nan na mai kauri. Launi rini ne kawai, ba shi ke nuna iri ba, don haka kada a haɗa iri biyu. In za a sauya, a wanke tukuna. Na gargajiya ana canza shi duk shekara 2 ko kilomita 40,000. Mai ruwan hoda na Toyota yana kai kilomita 80,000 bayan canjin farko. Muna roƙo a kula da wanda aka zubar: yana da zaƙi, kuma guba ne mai lalata ƙoda. Kada a bar shi a roba a buɗe inda yara ko awaki ke yawo, kada a zuba shi a robar lemo.

Tamostat kuwa a mayar da shi. A injuna da yawa yana da faifai na biyu a gindinsa, wanda ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi lokacin da inji bai yi ɗumi ba. In an cire shi, hanyar ta zauna a buɗe, wani ɓangare na ruwan ya riƙa zagaye cikin inji bai je radiyater ba. Da sanyin hunturu kuma injin ba ya kai zafin aikinsa, yana shan mai fiye da ƙima, yana saurin cinyewa. In ana zarginsa, a jefa shi a tukunyar ruwa a ɗora a wuta. Ya fara buɗewa a lambar da ke jikinsa, 82 a Toyota da yawa, ya buɗe sosai kafin ruwan ya tafasa. Wanda ya ƙi, a sayi sabo. Wajen sawa, ƴar hudar da ke bakinsa ta kalli sama don iska ta wuce.

Tambaya: An sa mini sabon famfo jiya a Yamai, amma har yanzu allura na haurawa.

Amsa: Malam, abu na farko iska ce da ta maƙale. Alamarta, allura na hawa da sauka, na'urar ɗumama na hura sanyi alhali inji ya yi zafi. A ɗaga gaban motar, a sake fitar da iskar. In tiyon sama ya yi zafi na ƙasa kuma sanyi ƙalau bayan doguwar tafiya, tamostat ya ƙi buɗewa. A kashe inji, a cire makulli, a shafa fuskar radiyater da hannu: wurin da ya yi sanyi a tsakiyar zafi ya toshe. A duba kuma tsakaninsa da na sanyin mota, inda ƙura da leda da ciyawa ke taruwa. A tabbata bel ya bi hanyarsa, domin kuskuren zagaye na iya juya famfon baibai.

In duk waɗannan lafiya, mai yiwuwa zafin da injin ya sha kafin canjin ya ƙona gasket ɗin kilas, wato na kan inji. Da safe, inji a sanyi, a buɗe murfi a tada: kumfan da ke ta fitowa ba ƙaƙƙautawa, tiyo ya yi tauri cikin minti ɗaya ko biyu, farin hayaƙi mai ƙamshin zaƙi a salansa, ko mai ya koma kalar shayi da madara, duk shaida ne. A nan sai an sauke kan inji an auna shi ko ya lanƙwashe. Sabon famfo ba zai gyara wannan ba.

Tambaya: Ina yawan tafiya daga Yamai zuwa Tawa ta Dosso da Dogon Dutse. In famfo ya mutu a daji, me zan yi? Na ji ana zuba ƙwai ko garin barkono.

Amsa: Ranka ya daɗe, ƙwai da barkono da garin taba na iya toshe ƙaramar huda a radiyater na ɗan lokaci, su kuma toshe hanyoyin da ba a so. A famfo ba sa komai, domin zubar daga sil ce mai juyawa.

Da ka ga allura ta nufi ja, kashe sanyin mota, kunna na'urar ɗumama zuwa ƙarshe, ka nemi gefen hanya ka kashe inji. Buɗe kapo, amma kada ka taɓa murfin radiyater sai bayan aƙalla rabin awa, kuma da tsumma mai kauri, a juya shi kaɗan matsi ya fita tukuna. Kada a sheƙa ruwan sanyi cikin inji mai ƙuna, kan inji na iya tsagewa. In allurar da ta hau ta faɗo da kanta ba dalili, kada ka yi murna: ruwan ne ya ƙare har na'urar awo ta zauna a bushe.

Bayan ya huce, girgiza fulin. In ba ya rawa, ɗigo ne kawai, cika da kowane ruwa mai tsabta, ko na leda ne. Ka bar murfin a matakin farko don matsi ya ragu, zubar ta ragu, ka tafi a hankali, kana tsayawa duk kilomita 10 zuwa 15 kana cikowa, har gari na gaba. In fulin na rawa ko yana ƙara, ko famfon na kan bel mai haƙora ne, a ja motar. Hanyar ta haura kilomita 500, don haka jarkar ruwa ta lita 10 da bel na ajiya su zauna a but.

Tambaya: A kasuwar Katako ta Yamai na ga famfo na hannu da aka ciro daga injin Turai, rabin kuɗin sabo. In saya?

Amsa: A'a, ƙanena. Famfon da aka ciro ya zauna wata da watanni a bushe, robar sil ɗinsa ta ƙandare, kuma ba wanda ya san kilomita nawa boris ɗinsa ya ci. Fuli, gidan tamostat ko bututun ƙarfe na hannu ba laifi in ba su tsatsa ba. Famfo, tamostat, murfin radiyater da zoben roba kuwa, sababbi za ka saya.